Kabarin da Sarki Ya Ba Mai Agogo

Ranar Lahadin da ta wuce aka naɗa mana sabon sarkin zango, a wani zauren biki da aka kama haya a Parkchester. An yi kiɗa, an ci an sha, mata sun yi guɗa. Da lokacin jawabinsa ya yi, sai na ga sakatariyar majalisa ta miƙa masa takarda. Ya gyara tabarau, ya karanta abin da aka rubuta masa tun daga bisimilla har godiya, bai ƙara ko kalma ɗaya tasa ba. Jama'a suka tafa. Ni kuwa ina zaune a layin gaba, inda ake ajiye tsofaffi, ban tafa ba, domin na san inda wannan takarda ta samo asali, kuma da hannuna a ciki. Ban yi karatu mai nisa ba, daga firamare na tsaya, saboda haka ba zan iya ƙawata magana ba. Laifina zan faɗa, yadda ya faru.

A zangon Kumasi inda na tashi, sarki ba ya ɗaga murya. Magana yake yi ƙasa-ƙasa, wanda ke tsaye kusa da shi ya sunkuya ya ji, sannan ya miƙe ya faɗa wa jama'a da ƙarfi. Wannan mutum shi ake kira sanƙira, kuma mahaifina shi ne sanƙira. Na sha ganinsa da safe yana kuskure baki da ruwan ɗumi da gishiri kafin ya tafi fada. Abin da ya fi gaya mini shi ne, maganar sarki kaya ce ta wani, ba ka buɗewa a hanya, ba ka ragewa, ba ka ƙarawa, ko da ita za ta sa a mare ka. Na ji wannan har ya gundure ni. Da na zo New York ina saurayi, ba mu da yawa a lokacin, duk Hausawan Highbridge falo ɗaya yake ɗaukar mu. Muka zaɓi dattijonmu ya zama sarki. Ranakun aiki yana wanke motoci, hannuwansa duk sun tsattsage da sabulu da sanyi, ranar Lahadi ya naɗa rawani ya zauna a kujerar da muka tsinto a bakin titi. Bututun ɗumama ɗaki yana ta ƙwanƙwasa kamar mutum ne a cikin bango, jirgin ƙasa yana wucewa yana kaɗa kofunan shayi, ni kuma ina tsaye a damansa, don an ce aikin gidanmu ne. Shi ke cewa baƙon da ya sauka jiya ga inda zai kwana. Shi ke raba mata da miji in sun yi faɗa. In an yi mutuwa, shi ke cewa wane ka je asibiti, wane ka nemo likkafani. Yana da Waziri da Galadima da Liman, amma shi ya zaɓe su, kuma na ga ranar da ya ce wa Galadima ya tashi ya ba wani wurin, ya kuwa tashi. Yanzu in ka gaya wa yaran da aka haifa a nan haka, sai su yi dariya su amsa maka da Turanci.

Abin ya fara sauyawa ne lokacin da muka yi yawa, muka so mu kama wurin salla, mu kuma sayi kaburbura a wata maƙabarta a New Jersey. Lauyan da muka je wurinsa ya ce dokar ƙasar nan ba ta san sarki ba. Sai an yi ƙungiya, da kundin dokoki, da mutanen da jama'a suka zaɓa. A cikinmu akwai wani da ya yi karatu a Landan, mai sanyin magana, wanda daga baya kowa ke kira Ciyaman. Shi ya kwantar mana da hankali. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai Turawan Ingila ma suna da sarauta, ba su yar ba. A da sarkinsu shi ke yanke komai, ministoci barorinsa ne, ya ɗauka ya kora. Sannu a hankali suka ce ministan da wakilan jama'a ba su yarda da shi ba, ba zai zauna ba, ko sarki yana sonsa. Har aka ɗauko musu wani sarki daga wata ƙasa, ba ya jin harshensu sosai, ya daina zuwa zaman ministoci, ɗaya daga cikinsu ya riƙa jagorantar zaman. Yau sarautarsu ta fi ta kowa daraja, don ba a taɓa cewa ta yi kuskure. In an yi daidai, sunan sarki. In an ɓata, laifin ministoci." Sarki ya ja hannun rigata, na sunkuya. Ya ce, "Tambaye shi, wanda ba ya kuskure, me yake yi duk yini?" Na faɗa da ƙarfi, aka yi dariya, har shi Ciyaman. Ranar aka sa hannu a kundin.

Mu bakwai aka zaɓa a majalisa, ni ma aka ba ni kujera. Muna zama a wani ɗan ƙaramin ɗaki a bayan masallaci, kusa da inda ake zuba takalma, ba taga. Da farko sarki yana zuwa. Amma takardun hukuma da Turanci suke, rahoton zama da Turanci ake rubutawa, magana takan fara da Hausa ta zame ta koma Turanci ba wanda ya lura. Ni ke fassara masa. Wani lokaci na gaji, na taƙaita maganar rabin sa'a cikin kalma biyar. Nan na fara buɗe kaya a hanya. Bai taɓa yin ƙorafi ba. Wata Lahadi dai ya ce ƙafarsa na ciwo, mu zauna, na kawo masa labari. Ciyaman ya zauna a kan gaba, aka bar kujerar sarki a kusurwa, aka ɗora mata fayil-fayil. Daga baya ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, 'ya'yansa suka mai da shi gidansu a Parkchester. Harshensa ya yi nauyi, ba mai gane maganarsa sosai sai matarsa da ni. Kuma akwai wata doka da Ciyaman ya kawo, ita ma daga can Ingila: a cikin ɗaki kowa ya yi musu iya son ransa, amma in an yanke, a fita da baki ɗaya. Wanda ba zai iya ba, ya ajiye kujerarsa. Ni kuwa ina son kujerar nan. Mai goge daɓen gidan tsofaffi ne ni duk mako, amma ranar Lahadi manyan 'yan kasuwa suna jiran in buɗe baki.

Akwai wani mutumin Nijar, aminin sarki tun kafin a san za a yi sarauta. Agogo yake sayarwa a Canal Street. Doguwar kwat gare shi, cikinta duk agogo ne a rataye, in ya zauna kusa da kai a masallaci sai ka ji jikinsa yana ƙas-ƙas-ƙas, kowanne da lokacinsa. Mai Agogo muke ce masa, babba da yaro. Ba shi da takardun zama, ba mata, ba ɗa, kuma ba ya yarda a rubuta sunansa ko'ina. Ranar da na kai masa rajistar ƙungiya ya sa hannu, ya ture ta da bayan hannu.

"Kai Sanƙira, ku mutanen Gana in ba ku rubuta abu ba, ba kwa yin barci?"

"Baba, don a san ka ne."

"Wa zai san ni? Sarki ya san ni. Ya san ubana, ya san garinmu. Ku kuma 'yan ɗakin takalma, ku san junanku."

"To in ka mutu fa?"

"In na mutu ka zo ka tambaye ni," ya ce, yana dariya. Ya ciro wani agogon roba ya cusa mini a aljihu. "Riƙe, don ku riƙa tashi daga mitin kafin la'asar ta wuce."

Da rana tsaka ya faɗi, a bakin titi, kusa da tirensa. Abokan sana'arsa suka ga motar asibiti da 'yan sanda, suka watse, domin su ma ba su da takardu. Ɗaya ne ya yi ƙarfin hali ya ɗauke jakar agogonsa ya kawo masallaci. Gawar tana wurin ajiyar gawa na birni, ba suna. Aka ce mana in ba wanda ya zo ya ce nasa ne, ya faɗi sunansa da inda yake kwana, ya sa hannu, za a kai shi wani tsibiri inda birni ke binne waɗanda ba su da kowa, a jere a rami ɗaya, ba wanka, ba salla.

Muka shiga ɗaki. Ba zan ce mutanen nan mugaye ba ne. Mai Agogo yana kwana a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan ɗaya daga cikinmu, tare da wasu mutum shida, duk ba takardu, kuma shekarar ana kame sosai. Mai gidan ya ce in aka rubuta adireshin nan, mutum shida sun tafi, shi ma ya tafi. Liman ya ce salla haƙƙin mamaci ne a kanmu duka. Ciyaman ya ce haka ne, amma ba ya cikin rajista, kuma rayayyu shida sun fi. Aka yi ta yi. Da aka zo ɗaga hannu, uku suka ce a bar shi, uku suka ce a ɗauko shi. Saura ni. Na dubi Ciyaman, shi ya cika mini takardun da na kawo matata ƙasar nan. Na ɗaga hannu tare da shi. Liman ya tashi, ya ce ya ajiye kujerarsa, ya fita ya nemi takalmansa. Shi kaɗai ya yi haka. Aka ce ni in kai wa sarki ya sa hannu.

Na hau jirgi mai lamba shida da takardar a aljihu. Na tarar da shi a kujerar guragu, an juya shi yana kallon taga. Na durƙusa na karanta masa da Hausa. Ya saurara har ƙarshe. Sannan ya kama wuyan rigata da hannunsa mai lafiya, ya jawo kunnena har bakinsa. Ya ce a je a ɗauko shi. Ya ce a rubuta adireshin gidan nan nasa, in za a kama wani a kama shi. Ya ce kabarin farko, wanda ke gindin bishiya, wanda aka keɓe masa, a sa Mai Agogo a ciki. Sannan ya faɗi sunan mutumin na gaskiya, da sunan ubansa, da garinsu, a hankali, sau biyu, yawu yana zuba a gefen bakinsa. Ya ce, "Ka riƙe?" Na ce, "Na riƙe, ranka ya daɗe." Ban rubuta ba. Tun ina durƙushe na san ba inda zan kai shi.

Na gaya wa Ciyaman shi kaɗai, a bakin shagonsa. Ya ce, "Sanƙira, sarki yana da ikon ya ba mu shawara, ya kuma gargaɗe mu, ya yi, mun ji. Kabarin nan na kujerar sarauta ne, ba na mutum ba. In hukuma ta fara tambaya ba a adireshi ɗaya za ta tsaya ba. In kuma muka warware abin da muka yanke don ya ce, gobe ba majalisa." Ya ce takardar ba dole sai da sa hannu ba, in sanƙira ya shaida da baki. Ranar Juma'a bayan salla na miƙe a gaban jama'a, na gyara murya irin ta mahaifina, na ce sarki ya ji shawarar majalisa, ya amince, ya ce kowa ya yi wa mamaci addu'a a gidansa. Mutanen Nijar da ke sahun baya suka dube ni. Ba wanda ya yi musu, domin ba a taɓa jin sanƙira ya yi wa sarki ƙarya ba. Washegari na koma Parkchester na ce an yi yadda ya ce, Liman ya yi salla, mutane sun cika. Na roƙi matarsa kada a bar masu gaisuwa su tayar masa da zancen, wai likita ya hana.

Jakar agogon aka jefa cikin kabad a ɗakin zamanmu, don ba mai gado. Duk Lahadi muna zama muna jin su ta cikin katako. In aka yi shiru ana jiran wani ya yi magana, sai ƙarar ta cika ɗakin, kamar Mai Agogo yana zaune a bayanmu cikin kwat ɗinsa. Akwai ɗaya da ya saita don la'asar, lokaci na yi sai ya fara kuka, siriri, ba ya dainawa sai ya gaji. Ba wanda ya taɓa tashi ya buɗe kabad ɗin. Sai mu yi kamar ba mu ji ba, Ciyaman ya ɗaga murya kaɗan. Suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, amma na la'asar ɗin ya fi shekara uku. Agogon roban da ya ba ni kuwa, tun makon farko na jefa shi a kwandon shara a wurin aiki.

Da sanyi ya wuce, sarki ya ce sai an kai shi ziyarar kabarin Mai Agogo. Na yi ta kawo dalili har dalili ya ƙare. Na ari mota, muka haye New Jersey da hantsi, ni da shi. Kabarinsa na gindin bishiya yana nan da ciyawarsa, ba a taɓa ba, saboda haka na bi da shi ta wata ƙofa, na tura kujerarsa zuwa wani sabon kabari a can ƙarshe, wanda ba a riga an sa masa alama ba. Na ce an sare bishiyar ne. Na ja da baya na tsaya jikin mota, da gangan, don kada in ji abin da zai ce. Na ga bakinsa yana motsi, ya yi sallama, ya kira, ya jira. Ya sake kira, ya jira. Iska ba ta motsi, ko tsuntsu babu. Ya ɗaga hannu, na zo na sunkuya kamar kullum.

Ya ce, "Wannan mace ce."

Na ce, "Ranka ya daɗe..."

Ya ce, "Mai da ni gida."

Daga baya na tambaya a ofishin maƙabarta. Wata tsohuwa ce, 'yar Senegal. Har yau ban san yadda ya sani ba. Tun daga ranar bai ƙara jan rigata ba. Duk takardar da na kai masa, kafin in fara karantawa ya miƙo hannu ya karɓi biro ya yi zanensa, yana kallon taga. Ciyaman ya ce sarki ya fahimci tsari. Haka ya zauna shekara huɗu, ana fito da shi ranar idi a yi masa kirari, ni kuma ina faɗa wa jama'a gaisuwar da bai yi ba. Da ya rasu 'ya'yansa suka ce ya bar wasiyya kada a sa shi a kabarin nan, suka kai shi Kumasi. Sarkin da ya biyo shi ma a gida Gana ya rasu, aka binne shi a can. Ciyaman ya rasu, Liman ya rasu, mutum shidan nan wasu sun sami takardu, wasu sun koma. A cikin bakwai ɗin da suka shiga ɗakin ran nan, ni kaɗai na rage, kuma ban taɓa ajiye kujerata ba.

Shekaranjiya sabuwar majalisa ta yi zamanta na farko. Yanzu ofis ne mai taga da na'urar sanyaya ɗaki, rabinsu ma ta waya suke halarta. Sakatariyar, jikar wani abokina ce, lauya, Hausarta tana fita da ƙyar amma tana ƙoƙari. Ta ce akwai abin farin ciki a ƙarshen ajanda. Ta karanta cewa saboda hidimar da na yi wa sarakuna biyu da amana, majalisa ta yanke, sarki kuma ya sa hannu, an ba ni kabarin farko, na gindin bishiya, in Allah ya yi kirana. Suka tafa. Wani ya ce, "Baba, kai a makwancin sarakuna za ka kwana, sai ka riƙa yi musu sanƙira a can."

Na ce ban yarda ba. Suka ɗauka kunya ce. Na miƙe, na ce kabarin nan yana da mai shi, na ba su labarin nan tun daga farko, ban rage ba. Na ce na ajiye kujerata. Ita yarinyar ce ta fara magana, idonta ya yi ja. Ta ce yanzu abubuwa sun sauya, birni yana ajiye rajistar waɗanda ke tsibirin, kuma in an gano mutum ana iya neman izini a tono shi a mai da shi wurin mutanensa. Ta ce ita za ta cika takardun da kanta, ba sai an ɗaga hannu ba. Ban san lokacin da na zauna ba. Na ji kamar an sauke mini buhun siminti daga ƙirji.

Ta jawo kwamfutarta, ta ɗora yatsu. Ta ce tunda ba suna aka kai shi, sai an haɗa da jini ko yawu daga danginsa a gida, in an same su, a gwada. "Baba, gaya mini sunansa na gaskiya, da garinsu. Daga nan za mu fara."

Na buɗe baki. Ina jin ɗumin numfashin sarki a kunnena, ina jin nauyin harshensa, ina ganin leɓensa yana motsi sau biyu. Na ce a ba ni minti ɗaya. Suka ba ni, sunan bai zo ba. Na kira duk tsofaffin Nijar da na sani jiya da yau, na je Canal Street da sandata na bi tebur-tebur. Waɗanda suka tuna shi mutum biyu ne, su ma abin da suka ce mini shi ne, ai Mai Agogo.

Sakatariyar ta ce ta bar layin sunan a buɗe, duk lokacin da ya faɗo mini in kira ta.